Yatsu Biyun da Na Ƙara a Awon Takalmi

Ni ne da laifi, ba surukina ba. Na sa wannan a farko domin duk wanda ya ji labarin faɗuwar 'yata a filin ƙanƙara daga bakina, a karkace ya ji shi. Da yawa daga cikin waɗanda na ba labarin sun zo mana gaisuwa da Baba, surukin nawa, ya rasu, na kuma san da abin da na faɗa musu suka shigo gidan. Ba na son tsohon nan ya kwanta a kabari da ƙaryata a kansa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan.

Gidanmu a Umm Salal, kusa da Doha, ɗan ƙarami ne, a bene. Ranar da muka dawo daga maƙabarta takalman masu gaisuwa sun cika bakin ƙofa har sun gangara matattakala. Mutanenmu na Doha sun zo, likitoci da injiniyoyi da irinmu masu aikin ƙarfi, 'yan'uwanmu na Zangon Gana ma sun zo. Wani direba ɗan Kumasi ya zauna kusa da ni yana share ido. Ya ce ranar sunan ɗansa ya roƙi Baba ya yi wa jaririn aski, tunda wanzami ne gaba da baya. Baba ya ƙi, ya ce ya ajiye aska tun da hannunsa ya fara rawa. Amma ya zauna a gefensa, yana gaya masa inda zai sa yatsa da inda zai kauce, har shi uban ya aske ɗansa da kansa. "Ko ɗigon jini babu," in ji shi. "Tsohon nan bai taɓa kan yaron ba, amma shi ya yi askin."

Can sai ga wata Baturiya ta shigo da mayafin aro, ta rasa yadda za ta riƙe shi. Malamar 'yata ce, mai koya musu zamiya a kan ƙanƙara. A bayanta akwai wani bawan Allah ɗan Nepal, mai wasa ƙarfen takalman, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa sai da aka ja shi. Mutane suka shiga kallon juna, ina Baba ya san waɗannan? Malamar ta riƙe hannun maiɗakina ta yi magana, maiɗakina ta fassara wa mata. Ta ce a duk iyayen da ke kawo yara wurinta, tsohon nan kaɗai ke tambayarta abin da bai sani ba. Ta ce zuwansa na ƙarshe a keken marasa lafiya aka turo shi, ya ɗora ƙafar jikarsa a gwiwarsa ya ɗaura mata takalmi, ita kuma ta duba ɗaurin ba ta ga abin gyarawa ba.

Duk wannan hidima 'yata na lungu a zaune, da fararen takalman ƙanƙararta a cinya, tana goge ƙarfen da tsumma. Wata dattijuwa ta ce, "Ke, ajiye abin wasan nan, gidan makoki ne." Maiɗakina ta ce, "Ku bar ta, Hajiya. Gaisuwarta ke nan."

Baba mahaifin maiɗakina ne. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ta dalilinta muka zo ƙasar nan. Ni karatuna bai yi nisa ba, sito nake tsarewa a wani kamfanin kayan gini. Da surukata ta rasu, ciwon zuciya ya matsa wa Baba, sai 'yarsa ta ɗauko shi ya zauna da mu.

Wanda bai taɓa zama da suruki a gida mai falo ɗaya ba, bai san wuyar kunya ba. Ba na cin abinci a gabansa. Ba na wuce ƙofarsa da takalmi. Magana in ta wuce gaisuwa, ta bakin 'yarsa take bi, ko da muna jin numfashin juna. Shi ya sauƙaƙa mini. Da zarar ya ji makullina a ƙofa sai ya ɗauki kofin shayinsa ya fita baranda, wai iska yake sha. Wace iska a Doha da rani? Sai daga baya na gane don in ci abincina a natse yake fita ya zauna cikin wannan turiri. Bai taɓa faɗa ba.

Da jikarsa kuwa babu wannan shinge. Amarya yake ce mata, ita kuma ango.

"Amarya, yau ma ba tuwo? Zan ƙaro wata."

"Wa zai auri mai haƙori huɗu? Ni ma taimakonka na yi."

"Biyar ne, ki ƙirga da kyau."

Zamiyar ƙanƙara ta samo asali ne daga zafi. In rani ya yi, ba inda za a kai yaro sai manyan kantunan nan masu sanyi, a ɗayansu kuwa akwai filin ƙanƙara a ƙasa. Wata ƙawarta ta makaranta ta ja ta, ta hau da takalmin haya, shi ke nan ta kamu. Ni ban so ba. Na ce wa uwarta 'ya mace da tsalle-tsalle a gaban jama'a bai yi mini ba. Baba ya ji daga baranda, ya ce wa 'yarsa, "Ki gaya wa Malam, a garinmu yara na zamiya a kan dutse har wando ya huje, ba wanda ya lalace. Ga wandonta har idon sawu, ga ɗankwalinta. A bar mini amarya ta sha sanyi."

Shi ya zama mai raka ta. In na sauke su, sai ya zauna a benci cikin rigar sanyi biyu da hula, yana kallo. Ba ya jin Turanci, malamar ba ta jin Hausa, yarinyar ce tafinta. Da haka ya koyi ɗaurin takalmin: sassauci wajen yatsu, a ja da ƙarfi daidai inda ƙafa ke lanƙwasawa, a saman kuma a bar wurin da yatsa zai shiga. Kalmar da ya tsinta a ƙasar nan ita ce yalla, wato maza a je, da ita yake korar ta kan ƙanƙara. Yana da wata magana da yake yawan yi: "Tambaya ba ta rage gemu."

Da malamar ta ga yarinyar na da ƙafa, sai ta ce takalmin haya ya gama mata aiki, a nema mata nata. Ta ce a jira ta dawo daga hutu ta raka mu, don garinsu za ta. Ni kuma na ga kamar raini ne, a ce sai an raka ni sayen takalmin 'yata. Na ɗauko tsinke daga tsintsiyar da muka zo da ita daga gida, na auna tafin ƙafarta, na ƙara yatsu biyu, na karya. Haka mahaifina ke yi mana in zai sayo takalmin Sallah, haka nasa uban ya yi masa. Ƙafar yaro ba ta tsayawa, kowa ya sani, ana saye da girma ne ta cika shi.

Baba na ganin lokacin da na karya tsinken. Ya ce wa 'yarsa, "Ki tambayi Malam, malamar ta ga awon nan kuwa?"

Na ce ta gani, na tura mata ta waya, ta ce daidai ne. Ban tura ba.

A shagon ma mai sayarwa ya ce in kawo yarinyar ta gwada a tsaye, wannan ba irin takalmin da ake saye a bayan ido ba ne. Na ce tana makaranta, ya ba ni wanda ya yi daidai da tsinke. Da na kawo gida ta sa, ta ce, "Abba, yana ɗan kwankwasa." Na ce ta ƙara safa mai kauri, shi ke nan.

A ranar Baba ya karɓi takalmin ya juya shi, ya bi ƙarfen da farcen babban yatsa a hankali. Ya ce, "Ikon Allah. Wannan aska baki biyu gare ta, da ɗan kwari a tsakani. Shekarata nawa ina wasa ƙarfe, ban taɓa ganin irinta ba." Da ƙarfen ya fara dakushewa na ce zan kai wa wani mai washin wuƙaƙe a wajen Asian Town. Baba ya ce a dakata. "Ƙarfen da ba ka san halinsa ba, gaishe shi kafin ka taɓa shi." Shi ya je ya tambayo a filin, aka haɗa shi da ɗan Nepal ɗin nan mai injin da ke kiyaye kwarin. Ashe da an kwantar da shi a dutsen wuƙa, da an kashe shi. Suka zama aminai ba tare da harshe ya haɗa su ba. Baba kan kai masa goro, shi kuwa ya karɓa don kunya, ban san inda yake kai shi ba.

Kula da takalmin kuwa ya mai da shi kamar ibada. Tana saukowa daga ƙanƙara zai sa mata robar kariya ta taka zuwa benci. Tana cirewa zai goge ƙarfen da tsumma har ƙasan dunduniya, ya cire robar, don ya ce ruwa a cikinta yake kwana. Ya yanka tsohon tawul ɗinsa ya ɗinka wa kowane ƙarfe riga. In an dawo gida zai sassauta igiyar, ya zaro harshen takalmin, ya ajiye a inuwa ya sha iska. Ya ce iskar tekun garin nan cin ƙarfe take yi. Wata rana na manta da jakar a but ɗin mota tun safe har la'asar, saƙo ya iso ni ta hanyar da ya saba bi: "Ki gaya wa Malam, fata ba ta son gashi. Ita ma da rai ta taɓa zama."

Abu ɗaya ne ya dame shi. Kullum in ya gama ɗauri sai ya riƙe dunduniyarta ya ce ta ɗaga.

"Amarya, diddigen na motsi?"

"Kaɗan."

Sai ya kwance ya sake ja, har igiyar ta yi masa shaida a yatsu. Bai taɓa zargin takalmin ba, tunda na ce malamar ta ga awo. Kansa ya zarga.

Malamar ba ta dawo ba tukuna, wani mataimaki ke riƙe da ajin, yara sun yi masa yawa. Ran nan yarinyar ta yi ɗan tsallen da ake koya musu, ta dira, takalmin ya tsaya, ƙafar ta juya a cikinsa. Aka kira ni daga wurin aiki. Na ɗauko uwarta, muka sa ta a mota tana ihu, Baba a kujerar baya ya rungume ƙafar. A nan, a cikin motar, na ɗaga murya na ce wa maiɗakina, "Mutum hannunsa na rawa, a ce shi zai riƙa ɗaura wa yarinya takalmi? Ga shi nan ai."

Ni da ban taɓa yarda ya ji ƙarar cokalina ba. Har yarinyar sai da ta rage kuka. Can Baba ya ce, "Gaskiya ne." Na hango shi ta madubi yana duban tafin hannunsa.

Ƙashin idon sawun ya tsage, aka ɗaure ƙafar. A wancan lokaci ni ma na yarda da abin da na faɗa, ko in ce na so in yarda. Ranar Juma'a da yamma in mun taru da abokai a bakin teku, a Corniche, aka tambaye ni jikin yarinya, sai in ce, "Ai tsufa ne, ɗaurin bai kama ba." Na faɗa ba sau ɗaya ba.

Da malamar ta dawo ta ji, ta aiko in kawo mata takalmin. Ni kaɗai na je. Ta sa hannu ta zaro shimfiɗar cikin takalmin ta ajiye a benci. Sawun yarinyar na nan a jiki, gumi ya zana shi, ga dunduniya, ga yatsu. Daga inda yatsun suka ƙare zuwa bakin shimfiɗar kuwa fari fat, ƙafa ba ta taɓa kai wa nan ba. Ta ɗora yatsunta biyu a wurin, suka zauna cif. Ta ce wannan takalmi ba a sayensa don gobe. Dole ya kama ƙafa kamar fata, da safa marar kauri, yatsu su ɗan taɓa gaba, diddige ya zauna daram. Ta ce ko wa ya ɗaura wannan, ko da ita ce, sai ƙafar ta juya. Ta tambaye ni wa ya yi awon. Na ce mai shago.

Da aka kwance ƙafar, ta warke, muka je da malamar aka gwada wa yarinyar wani a tsaye, aka zaɓi wanda ya kama ta. A gida na ce tsohon takalmin ya fashe ne a faɗuwar. Na kai shi sito na tura bayan buhunan siminti.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe yanzu ta fara. Yarinyar ta ce ba za ta hau ƙanƙara ba sai in angonta ne ya ɗaura mata. Tsoro ya shige ta, hannunsa kaɗai ta yarda da shi. Shi kuma ya ƙi.

"Na sake ki, amarya. Nemi saurayi mai hannu."

"Ban karɓi sakin ba."

"Ga Abbanki nan, ga malama."

"Ni kai nake so."

Ya yi dariya, ita ta fashe da kuka. Sabon takalmin ya zauna a jaka. Duk da haka kowace safiya sai ya ciro shi ya goge ƙarfen da bai taɓa ruwa ba, ya mayar masa da rigarsa.

Maiɗakina ce ta fara nuna mini abin da na ƙi gani. Ta ce, "Ka lura Baba ya daina karɓar kofi a gaban baƙi? Ka lura in an miƙo masa jariri sai ya ce mura yake yi?" Na lura. Hannuwansa kullum cikin hannun riga. Mutumin da ya ajiye sana'ar kakanninsa da kansa don kada ya zubar da jinin ɗan wani, na sa ya yarda cewa ya karya jikarsa. Ina sallama in durƙusa in gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya ɗauki shayinsa ya fita baranda don in ci abinci. Abincin ya daina wuce mini.

Sai ciwon Baba ya tashi. Aka kwantar da shi, aka sallamo shi, maiɗakina ta dawo da irin fuskar da ma'aikatan asibiti ke yi in sun san abin da ba sa son faɗa. Ta ce zuciyar ta gaji. A ranar na zaunar da ita na gaya mata komai, tsinken da wayar da shimfiɗar. Na roƙe ta ta kai masa, ta ba shi haƙuri a madadina, tunda haka aka saba tsakanin suruki da suruki.

Ta dube ni. Ta ce, "Ranar da ka faɗi waccan maganar a mota, ba ta bakina ka bi ba. Wannan ma kai za ka kai."

Ban taɓa jin maganar da ta fi wannan zama daidai ba, na kuma gode mata.

Abin da ya biyo bayan na faɗa masa kun ji shi daga bakin malamar: ya koma filin, ya ɗaura, ya ce yalla, ta hau. Har yau tana hawa, ni nake ɗaura mata yanzu, yadda ya nuna mini da bakinsa kamar yadda ya nuna wa direban nan aski. Ina gode wa Baba da barandar da ya zauna, da tawul ɗin da ya yanka, da tambayar da ya koya mini. Abin da na fi gode wa Allah a kai shi ne da Ya ara mini lokaci na faɗa masa yana ji.

Bayan la'asar ne. Na biya sito na ɗauko shimfiɗar, na kakkaɓe ƙurar siminti. Na tuɓe takalmina a ƙofar ɗakinsa na yi sallama. Yana kishingiɗe da carbi. Ya ga ban tsaya a inda na saba tsayawa ba, na shigo har gaban gadon na durƙusa, sai ya fara neman 'yarsa da ido.

Na ce, "Baba, ni ne da magana. Ba aike."

Na ajiye shimfiɗar a kan bargonsa. Na nuna masa sawun, na nuna masa farin wurin, na ɗora yatsuna biyu. Ya jawo ta kusa da idonsa. Ya zaro hannunsa daga cikin riga, yana rawa, ya ɗora nasa yatsun a inda na ɗauke nawa. Ya daɗe a haka. Sannan ya juya hannun ya dubi tafinsa, ya juya ɗayan ma.

"Ashe ba su ba ne," ya ce.

"Ba su ba ne."

"To, alhamdu lillahi. Tashi, Malam, ya wuce."

Na ce, "Ku bar ni in ƙarasa, Baba, don ban taɓa yi muku doguwar magana ba sai waccan. Ni na auna da tsinke, ni na ƙara yatsu biyu. Kun ce a tambayi malama, na ce na tambaya, ban tambaya ba. Na ɗora muku a gaban 'yarku da jikarku, na kuma kai zancen waje. Da na gano gaskiya na ɓoye ta, ina kallonku kuna ɓoye hannu. Ɗaurinku bai taɓa kwancewa ba. Ni na karya 'yata, na bar ku da ɗaukar nauyin. Don girman Allah, Baba, ku yafe mini."